Hannun Baba na rawa in shina zaune, in ya ɗauki kofi sai ta tsaya

Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah shi ba Baba lahiya. Na karanta saƙonka har sau biyu kafin in fara rubutu. Bari in ɗan maimaita abin da ka ce saboda masu karantawa. Mahaifinka baduku ne nan cikin garin Sakkwato, shekarunshi 66, kusan shekara ɗaya da rabi kenan hannunshi na dama ke rawa in shina zaune ba shi komi, amma da ya miƙa hannun ya ɗauki kofin shayi sai rawar ta tsaya. Kun kai shi kemis an ba shi Exol, cikin gida kuma kowa da tashi fassara, wasu sun ce "tsuhwa na", wasu sun ce iska ce ko an yi mishi jifa a kasuwa, gwaggonka kuma ta ce mutuwar ɓarin jiki ce ke sallama. Kana tambaya ko wannan ita ce cutar Fakinsan da ka ji ana faɗi, da kuma alamominta na motsi. Can ƙarshen saƙon sai ka ƙara wani layi kamar ba komi ba, wai yanzu ya rage zuwa jam'i don liman na barinshi a sujada.

To wallahi wanga layi na ƙarshe ya fi jan hankalina a kan duk bayanin rawar hannun da ka yi. Ni likita ne, ɓangaren ƙwaƙwalwa da jijiya nake aiki, kuma abin da na lura da shi shekara da shekaru shi ne rawa ke kawo mutane asibiti don ita ake gani, amma nawa ita ce cutar. Nawa nake nufi irin ta motsi, jiki ya yi nauyi, komi sai a hankali, kuma motsin ya riƙa ƙanƙancewa. A ƙa'idar da likitocin wannan fanni suka amince da ita a 2015, ba a ce wa mutum shina da Fakinsan sai an samu wagga nawa, sannan a haɗa ta da ɗaya cikin biyu, rawa lokacin hutu ko sandarewar gaɓoɓi. Ma'ana mutum na iya samun cutar cikakkiya bai taɓa rawar hannu ba ko sau ɗaya, kuma ba kaɗan ba ne irinsu, cikin masu cutar biyar za ka samu kamar ɗaya ko fiye haka. Su ne ma suka fi shan wahala kafin a gane, don sai su yi shekara biyu ana ba su maganin sanyin ƙashi.

A katin asibiti za ka ga an rubuta Parkinson, sunan wani likita ne na Landan, James Parkinson, wanda a 1817 ya yi rubutu kan mutum shida da ya lura da su, wasunsu ma kan titi ya gan su suna tafiya. Daga baya wani likitan Faransa, Charcot, ya laƙaba ma cutar sunanshi, kuma shi ne ya ja hankali cewa sandarewa da nawa ba rauni ba ne irin na shanyewar jiki. Wanga bambanci gwaggonka ya kamata ta ji. Mai mutuwar ɓarin jiki abin na faɗo mishi rana ɗaya, jiya lahiya lau yau hannu da ƙafa sun saki, baki ya karkace. Fakinsan kuwa rarrafowa take cikin watanni da shekaru, babu wanda zai iya ce maka ga ranar da ta fara, kuma in ka ce ma Baba shi matse maka hannu za ka ji ƙarfinshi na nan. Ƙarfi bai tafi ba, umarnin motsi ne ke isowa a makare kuma a rage.

Abin da ke faruwa ciki shi ne, can tsakiyar ƙwaƙwalwa akwai wani ɗan wuri mai duhun launi inda wasu ƙwayoyin halitta ke samar da sinadarin dofamin. Dofamin ɗin nan shi ke sa motsin da ka saba yi ya tafi da kanshi ba sai ka yi tunani ba, kaɗa hannu in kana tafiya, ƙifta ido, haɗiye miyau, juyawa cikin barci, murmushi in an yi abin dariya. Ƙwayoyin suna mutuwa sannu a hankali, kuma kafin alamar farko ta bayyana an riga an rasa kamar rabinsu ko fiye. Shi ya sa nake ce ma iyalai kar su zargi kansu da cewa sun yi sakaci, lokacin da abin ya faro ba wanda zai iya gani.

Bari mu ɗauki rawar tunda ita ta dame ku. Rawar Fakinsan tana da hali nata. Tana zuwa in gaɓa ta huta, hannu ajiye kan cinya ko rataye a gefe lokacin tafiya. Ba ta da sauri sosai, kamar sau 4 zuwa 6 cikin sakan ɗaya, kuma sau da yawa babban yatsa ne ke gogar manuni kamar mai jan tasbaha alhali ba tasbaha a hannun. Na sha ganin iyalin da suka yi wata da watanni suna zaton tsoho zikiri shike. Gefe ɗaya take farawa, kuma ko bayan shekaru ta ƙetara ɗaya gefen, wanda ta fara kamawa shi ke zama mafi muni. In hankalinshi ya tashi ko ana gardama ko ka sa shi lissafin kuɗi da ka za ka ga ta ƙaru, in ya yi barci ta ɗauke gaba ɗaya. Tana iya kama ƙafa, leɓe da haɓa, amma ba kasafai take kaɗa kai ba. Ga wani abu da za ka iya lura da shi yau ɗin nan, in ya ɗaga hannu addu'a bayan sallah rawar za ta tsaya, sai bayan 'yan sakanni hannun na sama ta sake dawowa a hankali. Wagga dawowar bayan ɗan jinkiri muna ba ta muhimmanci.

Akwai wata rawar daban da ake yawan rikita su, kuma ta fi Fakinsan yawa nesa ba kusa ba. Ita wannan in mutum na zaune hannunshi shiru, sai ya zo shan shayi ko kai loma baki ko sa hannu a takardar banki sannan abin ya tashi, kofi na ƙara da faranti, miya na zuba a riga. Hannu biyu take kamawa tare, tana kaɗa kai kamar mai cewa a'a ko i, murya ma na rawa, kuma in ka bincika za ka ji kaka ko baffa ma haka yake. Irin wannan mutum zai yi shekara ashirin da ita tafiyarshi garau. Maganinta daban ne. Sannan akwai rawar da yawan goro da shayi mai kauri da kofi ke kawowa, da ta maganin asma irin na shaƙa, da ta maƙoƙo in shina aiki fiye da ƙima, da ta tsoro. Abin da ka kwatanta na Baba, gefe ɗaya, lokacin hutu, tana tsayawa in ya kama abu, bai yi kama da waɗanga ba.

Yanzu mu koma kan nawa, nan ne zan daɗe. Ba wai mutum ya rage sauri kawai ba, kowane tsoho na rage sauri. Abin da ya bambanta shi ne motsi na farawa da ɗan girma sai ya riƙa raguwa in an maimaita. A asibiti mukan ce ma mutum shi buɗa babban yatsa da manuni iyakar iyawa shi rufe, da sauri, kamar sau goma sha biyar. Mai Fakinsan na farko da na biyu za su fito da kyau, zuwa na bakwai buɗawar ta ragu, zuwa na goma yatsun da ƙyar suke rabuwa, wani lokaci ma su tsaya cak. Ka gwada hannun dama ka gwada na hagu za ka ga bambanci da idonka. Haka in ka ba shi biro shi rubuta layi biyu, boko ko ajami duk ɗaya, farkon layi manyan baƙaƙe, ƙarshen layi kamar sawun tururuwa.

Tunda baduku ne, je ka duba aikinshi. Ɗauko abin da ya ɗinka shekara uku baya ka ajiye gefen na bana. Ka tambayi yaran shago ko yanzu sa zare a basilla na ɗaukarshi lokaci, ko ɗinkin da yake gamawa kafin azahar yanzu shina kai la'asar, ko ya fara tura musu aikin da da ba shi yarda kowa shi taɓa. Masu sana'ar hannu, dukawa da maɗinka hula da teloli da masu rubutun allo, su ke fara jin abin a jikinsu tun kafin kowa ya gani, sai dai ba su faɗi, don a ganinsu faɗin haka kamar cewa ne na gama aiki.

Sallah kuwa, ni a wurina babu gwajin da ya kai ta, don duk motsin da nake son gani yana cikinta. Alwala, shafar kai da wankin ƙafa, za ka ga hannu ɗaya na bin ɗaya a baya. Kabbara, hannun dama ba shi kai tsayin na hagu. Daga ruku'u zuwa tsayuwa, daga sujada zuwa zama, sai ya yi yunƙuri biyu uku, ya dafa ƙasa, jama'a sun kai rabin fatiha shi bai miƙe ba. Sallama ma za ka ga wuya ba ta juyawa sosai sai ya haɗa da kafaɗa. Dattijo mai mutunci ba zai so a riƙa kallonshi a sahu ba, sai ya fara cewa zafi ya yi yawa, ko gwiwa, ya koma yi a gida. Shi ya sa na ce maka layin nan ya fi komi.

Wagga nawa tana shiga wuraren da ba a zato. Fuska tana daina motsi, ƙifta ido ya ragu, mutum ya zama kamar mai fushi ko mai tunani alhali ba komi a ranshi. Na ga gidan da aka yi ta rikici, uwargida na kuka wai Alhaji ya canza mata ba shi ko murmushi, ashe naman fuskar ne ya yi nauyi. Murya na yin ƙasa ta zama sautin bai ɗaya, a waya kullum ana ce mishi "ɗaga murya ba mu ji", shi kuma a kunnenshi daidai yake magana. Miyau na dalala musamman kan matashi da dare, ba don ya ƙaru ba, haɗiyewar da ake yi ba da sani ba ce ta ragu. Sa maɓallin riga, ɗaure tazuge, naɗa rawani, juyawa kan katifa, fitowa daga mota, kowanne sai ya zama aiki. In kana bayanshi shina tafiya ka dubi hannuwan, za ka ga na hagu na kaɗawa na dama na manne da jiki gwiwar hannu a ɗan lanƙwashe. Sau da yawa wannan ita ce alamar farko, tana riga rawa.

Sai sandarewa. Ita wannan likita ke jin ta da hannunshi fiye da yadda ake ganinta. In na kama hannun mara lahiya na ce shi saki jiki ina lanƙwasawa ina miƙewa, sai in ji turjiya daga farko har ƙarshe, ko ta ina na juya, kamar tuƙa tuwon da ya yi tauri. In akwai rawa a ƙarƙashi sai turjiyar ta riƙa zuwa ƙat ƙat ƙat kamar haƙoran giyar keke. Shi mara lahiyar abin da zai ce maka shi ne kafaɗa na ciwo, wuya ta ƙage, baya ya riƙe. Mutane da yawa da ciwon kafaɗa ɗaya suke farawa, a yi ta shafa man zafi, a je wurin mai ɗori, a yi ƙaho, wani har allura a gaɓa, shekara ta zagayo sannan rawa ta fito a gane inda aka dosa. Sandarewar ce kuma ke ranƙwafar da mutum gaba, kai ya sunkuya, gwiwoyi su ɗan durƙusa.

Tafiya tana canzawa, taku ya gajarta, ƙafa ba ta ɗaguwa sosai sai ja, za ka ji sautin silifas ɗinshi tun daga zaure. Juyawa da mutum ke yi da taku ɗaya ko biyu shi sai ya yi biyar shida kamar an ɗaure shi da sanda. In cutar ta yi nisa abu biyu na iya zuwa. Ɗaya sassarfa, jiki ya yi gaba ƙafafu na binshi da gajerun taku masu sauri, ya kasa tsayawa sai ya dafa bango. Ɗayan kafewa, ƙafa ta manne da ƙasa kamar an zuba gam, musamman a dokin ƙofa, ko wuri mai matsi, ko cikin cunkoso irin na fitowa masallacin Juma'a, ko in an ce mishi yi sauri. Abin mamaki mutumin da ya kafe a ƙofar ɗaki zai iya hawa matakala lahiya lau, kuma in jikanshi ya nufi wuta za ka ga ya zabura ya cafke shi kamar saurayi. Daga nan sai 'yan gida su fara cewa ashe shina iyawa, lalaci ne ko neman a tausaya mishi. Don Allah kar ku yi mishi wanga zato. Hanyar motsin da ke tafiya da kanta ce ta lalace, hanyar da ke bin ido da kunne da firgita tana nan. Shi ya sa dabarun da masu gashin ƙashi ke koyarwa suke aiki, a ja layi a ƙasa da alli ko a manna tef shi riƙa tsallakawa, ko a ƙirga mishi ɗaya biyu ɗaya biyu, ko shi fara karkata nauyinshi gefe zuwa gefe kafin shi ɗaga ƙafa. Jan hannunshi kuwa ƙara kafe shi yake, kuma haka ake kayar da su.

Alama ta huɗu ita ce rashin daidaituwa, mutum in an ɗan ture shi ba shi iya tare kanshi. Wannan a Fakinsan ta asali sai bayan shekaru take zuwa. Mukan gwada ta ta hanyar tsayawa bayan mutum mu fizgo kafaɗunshi, amma kar ka gwada wannan a gida. In ka ga tun shekarar farko mutum na yawan faɗuwa, musamman ta baya, ko idonshi ba shi iya kallon ƙasa, ko fitsari na kubce mishi tun da wuri, ko shina suma in ya miƙe, ko mantuwa mai tsanani ta riga komi, to tunaninmu na tafiya ga wasu cututtukan masu kama da ita waɗanda ba su jin magani kamar ita. Haka mai hawan jini ko suga da ya daɗe, ƙananan jijiyoyin jini na ƙwaƙwalwa na iya toshewa su ba shi jan ƙafa da gajeren taku alhali hannuwanshi lahiya lau.

Abu na farko da zan tambaye ku in kun shigo ofis shi ne wane magani yake sha, duka, har wanda kuke ganin ba komi ba ne. Akwai magungunan da ke toshe aikin dofamin su haifar da alamomin nan sak, irin su halofaridol da Largactil da ake ba masu taɓin hankali ko rashin barci, da Stemetil na jiri, da Maxolon na amai da tashin zuciya. Tsoho zai yi wata shida shina shan maganin jiri daga kemis, jiki ya sandare, a ce Fakinsan. Irin wannan yawanci gefe biyu take kamawa lokaci ɗaya, kuma in aka janye maganin bisa shawarar likita tana warwarewa cikin makonni ko watanni. Don haka ku zuba duk kwalaye da sacet a leda ku zo da su.

Exol ɗin da aka ba shi, wanda wasu suka sani da Artane, tsohon magani ne mai arha, yana ɗan rage rawa amma kusan ba shi taɓa nawa, wato ya bar asalin matsalar. Kuma ga mai shekara sama da 60 ina tsoronshi, yana kawo ruɗewa da mantuwa da gane-gane, bushewar baki, taurin bayan gida, riƙewar fitsari ga mai kumburin mafitsara irin na dattawa, sannan yana rage zufa, ka kuwa san yadda Sakkwato take a watan Afrilu da Mayu in zafi ya haura digiri 40. Kar ku tsayar da shi kwatsam, a rage a hankali ƙarƙashin likita.

Maganin da ya fi aiki shi ne lebodofa, wanda ƙwaƙwalwa ke juyawa zuwa dofamin, tun ƙarshen shekarun 1960 ake amfani da shi kuma har yau ba a samu wanda ya fi shi ba. Ana haɗa shi da wani sinadarin don rage tashin zuciya, za ka gan shi da suna Sinemet ko Madopar ko wasu sunaye. Ba shi warkar da cutar kuma ba shi tsayar da tafiyarta, amma nawa da sandarewa suna jin shi ƙwarai, har yadda mutum ya amsa maganin na cikin abin da ke tabbatar muna da cewa ita ce. Rawa kuwa wani lokaci tana taurin kai, shi ya sa in kuka auna aikin maganin da rawa kaɗai za ku ce bai yi ba alhali Baba ya koma tashi daga sujada tare da jama'a. Akwai wata tsohuwar magana da har wasu ma'aikatan lahiya ke yi, wai a jinkirta lebodofa don kar ya ƙare aiki. Wani bincike da aka yi a Ghana aka wallafa a 2014 ya nuna matsalolin da ke zuwa daga baya, wato maganin ya riƙa sakin mutum kafin lokacin na gaba ko jiki ya riƙa murɗe-murɗen da ba a so, sun fi alaƙa da daɗewar cutar da yawan abin da ake sha, ba da saurin farawa ba. Jinkiri asarar shekarun lahiya ne kawai. Abin kula shi ne abinci mai gina jiki, nama, kilishi, wake, ƙosai, nono, yana gogayya da maganin a hanji, don haka a sha kamar rabin awa kafin abinci ko awa ɗaya bayanshi, kar a kora shi da fura da nono. Maganin ƙarin jini mai sinadarin ƙarfe ma a raba lokacinsu. Gaskiya ɗaya mai ɗaci ita ce tsada da yankewa a kasuwa, ku riƙa sayen na gaba tun na hannu bai ƙare ba, don tsayar da shi kwatsam haɗari ne.

Kan maganar jifa da iska, ni ba na hana kowa addu'a da rubutu, muna yi mu ma. Amma cuta ce da ke ko'ina a duniya, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta sama da mutum miliyan 8 da rabi ke da ita a 2019, ta fi kama maza, yawanci daga wajen shekara 60. Muhammad Ali ɗan dambe an gano tashi a 1984, duniya ta gan shi hannu na rawa ya kunna wutar gasar Olamfik a Atlanta a 1996, ya rayu da ita har 2016, sama da shekara talatin. Ba a ɗaukarta ta cin abinci kwano ɗaya ko musabaha, kuma mafi yawan masu ita ba gadonta suka yi ba, don na san wannan na ranka ko ba ka tambaya ba. Abin da bincike ya danganta da ƙarin haɗarinta akwai daɗewa ana hulɗa da wasu magungunan feshi na gona irin su farakwat na kashe ciyawa, wanda ya kamata manoman fadamarmu masu feshi ba safar hannu ba takunkumi su ji.

Ka kuma tambayi Mama abu uku da ba na motsi ba, ko ya daɗe shina fama da taurin bayan gida, ko ya daina jin ƙamshin turare da girki, ko cikin barci shina ihu da kai naushi kamar mai faɗa a mafarki. Waɗanga kan riga rawa da shekaru, kuma amsarsu na taimaka muna.

Babu gwajin jini da ake yi a asibitocinmu da zai ce ga Fakinsan, hoton ƙwaƙwalwa ma yawanci lahiya lau yake fitowa, in mun tura a yi shi don kawar da wasu abubuwan ne, kar ku ga sakamako mai kyau ku ce likita ya yi kuskure. Da ido da hannu ake gane ta, shi ya sa sai an gan shi. Ku nemi takardar turawa zuwa asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, ɓangaren likitocin ƙwaƙwalwa da jijiya, ku kuma nemi a haɗa ku da masu gashin ƙashi tun yanzu ba sai ya fara faɗuwa ba, don motsa jiki a wagga cuta magani ne na gaske, tafiyar safe kafin rana ta yi zafi da manyan taku da kaɗa hannu da gangan. Kar ku karɓe mishi basilla don tausayi, shi ci gaba da aikinshi ko da rabin na da ne. A gida a ɗauke tabarmar da bakinta ya naɗe, a sa fitila hanyar makewayi, a kafa mishi abin dafawa a ciki, silifas mai santsi a canza da takalmi mai kama dunduniya, kabu-kabu kuma a haƙura da shi a riƙa ɗaukar Keke Napep. Maganar azumi da sallah a zaune in lokacinsu ya zo ku zauna da likita da malami tare, don maganin sau uku ko huɗu ake shanshi a yini.

Kafin ranar asibiti ka ɗauki bidiyo biyu da wayarka, da izininshi. Ɗaya shina zaune ana hira hannuwa kan cinya, ɗaya shina tafiya daga zaure zuwa tsakar gida ya juyo ya dawo, a ga hannuwa da ƙafafu duka. Rawar nan ta iya ɓuya ranar da aka zo gaban likita. Ka zo da ledar magunguna, da tsohon littafin da yake rubuta bashin shago in akwai, ina son in ga rubutun shekara uku baya da na wanga wata.